Gwajin ciwon hanta da allurar rigakafi a likitar unguwarmu, wata shida ina zuwa ga abin da na gani

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun damina nake son in rubuta wannan amma na ce a'a bari sai an yi mini allurata ta uku tukuna, don ba na son in yabi wuri daga bakin ƙofa kawai alhali ban ga cikinsa ba. To satin da ya wuce aka yi mini ta ƙarshe, karnena, wato katin allurata, ya cika, yanzu kam ina da bakin magana.

Ni tela ne, nan Damagaram aka haife ni, kuma abin da ya kai ni wajen nan ba son sani ba ne, rashi ne. Yayana da nake bi ya rasu shekara uku ke nan. Da farko kasala ce kawai, mutum mai ƙarfi da ke ɗaukar buhu shi kaɗai ya koma in ya yi tahiya kaɗan sai ya nemi wurin zama, daga baya ido ya yi ɗorawa fitsari ya yi ja kamar shayi, kowa ya ce ai shawara ce, aka shiga jiƙe-jiƙe, wannan ya kawo saiwa wancan ya kawo gari, har irin wanda ake tallarsa da lasifika a kasuwa an saya, da ciki ya fara kumburi kuma sai magana ta koma wai sammu ne. Sai da ƙafafu suka kumbura ba ya iya sa takalmi sannan muka kai shi asibiti, likita ya duba ya ce hanta ta riga ta ƙeƙashe, hepatit B ce, kuma ba jiya ta shiga ba, wataƙila tun yana jariri yake ɗauke da ita. Ya ce mana duk 'yan gida ku je ku yi gwaji. Wallahi ko ɗayanmu bai je ba, tsoro ya hana mu, kowa na ganin gara kar ya sani. Allah Ya jiƙansa Ya sa ya huta.

Haka muka zauna shekara uku. Sai ƙarshen watan Yuli da ya wuce, muna zaune a fada bayan la'asar ana dafa shayi, wasu samari biyu da wata yarinya suka yi sallama, irin matasan nan na unguwa da ke taimaka wa likita wajen faɗakarwa. Suka ce ranar 28 ga wata ranar ciwon hanta ce ta duniya, za a yi gwaji kyauta a likitar unguwa. Abin da ya fara burge ni ba su zo da hotunan mutane masu kumburarren ciki don su tsorata mu ba, ɗaya daga cikinsu zama ya yi a benci aka ba shi kofi ya sha, sannan ya ce wa a cikinku bai taɓa miƙa wa masu yawo da almakashi hannu sun yanke mishi farce ba? Aka yi shiru. Ya ce to almakashin nan mutum nawa ya taɓa tun safe kafin ya zo kanka, kuma sau nawa ya ɗan yanke ka jini ya fito ka ce ba komai? Daga nan hira ta kama, har magariba ba su tashi ba. Kwana biyu bayan haka liman ma ya yi sanarwa a masallaci, ina jin wannan ya fi komai jawo dattawa.

Ranar kanta na tahi da uwargida, lokacin tana da ciki wata biyar, da ƙanena wanda sai da na ja shi kamar za a kai shi yanka. Mun isa da sassafe mun tarar da mutane sun riga mu. An kafa rumfa, benci gefen maza tabarmi gefen mata, ana ba da tike mai lamba saboda haka babu turereniya kuma ban ga an shigar da wani ta bayan fage don an san shi ba, wannan kam na yaba don kun san halinmu da layi.

Kafin a fara majo, wato shugaban likitar, ya fito ya yi bayani, da Hausa tsantsa, ba irin wanda ake cusa faransanci har tsoho ya rasa inda aka dosa ba. Ya ce ciwon hanta ba iri ɗaya ba ne, akwai A, B, C, D da E. A da E ta ruwa da abinci maras tsabta suke shiga, ya tuna mana annobar E da aka yi a jihar Diffa a 2017 wadda ta fi yi wa mata masu ciki ɓarna, ya ce mu nan da muke fama da ƙarancin ruwa muna sayen bido hannun 'yan garuwa muna ajiyewa kwana da kwanaki sai mu kula da inda ruwan ya fito da abin da muke zuba shi. Amma ya ce wadda ta tara mu yau B ce da C, su ta jini suke bi, reza, aska, allurar da aka yi wa wani, ƙaho, tsaga, ƙarin jinin da ba a gwada ba, B kuma har ta wajen kwanciyar iyali, amma babbar hanyarta a ƙasashenmu daga uwa zuwa jariri ne wajen haihuwa da kuma tsakanin ƙananan yara. Ya ce babba in ya kamu da B yawanci jikinsa na kore ta da kansa, waɗanda take zaunar wa ba su kai 5 cikin 100 ba, amma jariri in ya ɗauka wajen haihuwa kusan 9 cikin 10 da ita za su girma, ba zazzaɓi ba ciwon kai, tana cin hanta a ɓoye shekara ashirin talatin sai ranar da ta gama aikinta ta bayyana. Ina zaune ina ji kamar labarin gidanmu yake karantawa. Ya kawo lissafin Hukumar Lahiya ta Duniya, OMS, cewa a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da B a duniya, miliyan 50 na da C, kuma su biyun sun kashe wajen mutum miliyan 1 da dubu 300 a shekarar kaɗai, mafi yawan masu ita kuma ba su ma san suna da ita ba. Yarinyar nan mai faɗakarwa ta ƙara da cewa an zaɓi 28 ga Yuli ne don ranar haihuwar Baruch Blumberg ce, likitan Amurka da ya gano ƙwayar B har aka ba shi kyautar Nobel a 1976.

Sai wani dattijo ya ɗaga sandarsa ya ce, ɗana, to in an samu mutum da ita a gida sai a ware mishi kwano da moɗa ko? Majo ya ce a'a Baba, ku ci tuwo kwano ɗaya, ku sha shayi kofi ɗaya, ku yi musabaha ku yi sallah kafaɗa da kafaɗa, B ba ta bi ta nan, sauro ma ba ya ɗaukarta, abin da za a ware kawai reza ce da abin yankan farce da buroshin haƙori. Jama'a nan ne idona ya cika. Don mu mun ware wa Yaya kwano. Wani kwanon silba ne mai murfi, aka ɗiga mishi jan fenti a gindi don kar a haɗa da na sauran, shi kaɗai yake ci a ɗaki, yaransa in sun matso a kore su, wata huɗu yana haka har ya bar duniya, kuma bai taɓa cewa komai ba sai dai in an kai mishi ya kalli kwanon ya kalle ka. Ashe duk wannan babu amfanin da ya yi. Da a ce wannan jumla ɗaya kawai na samu a ranar, da ta ishe ni in ce wurin nan ya yi aiki.

Gwajin kansa ba wani abu ba ne. Madam, ma'aikaciyar jinyar wurin, ta sa safar hannu, ta ɓare sabuwar allura a gabanka ka gani da idonka, ta ɗan soki yatsa, ɗigon jini a kan wani ɗan farin abu kamar na gwajin zazzaɓin sauro, ta jefa allurar cikin kwali, ka koma ka zauna minti goma sha biyar zuwa ashirin. Layi ɗaya negatif, wato babu ita, layi biyu pozitif, wato akwai ta. Ba a kiran sakamako a bainar jama'a, lambarka za a kira ka shiga ɗaki kai kaɗai a saki labule.

To amma nan ne kuskurensu na farko yake, kuma na faɗa wa majo baki da baki ba a bayan idonsa nake faɗi ba. Wanda ya fito lahiya minti biyu ya isa ya fito yana murmushi, wanda aka samu da ita kuwa dole a zaunar da shi a yi mishi bayani a rubuta mishi takarda, sai ya yi minti goma sha biyar a ciki, kuma ƙofar ɗakin tana kallon rumfar da kowa ke zaune. Ba sai an faɗa ba, duk wanda ya daɗe an san akwai magana, ga shi ya fito da takarda a hannu. Unguwa ɗaya muke, kowa ya san kowa, sirrin da aka rufa da labule agogo ya tona shi. Abin ba ya buƙatar kuɗi, a riƙe kowa lokaci ɗaya ko a fitar da mutane ta ƙofar baya. Majo ya karɓi maganar hannu biyu ya ce gaskiya ne Malam ba mu lura ba, sai dai mu ga abin da za su yi a karo na gaba. Na biyu kuma kayan gwajin C sun ƙare tun kafin azahar, waɗanda suka zo daga baya B kawai aka yi musu, alhali C ɗin ita ce ma ake warkewa sarai, ƙwayoyi ne na kamar sati 12 kuma fiye da 95 cikin 100 na rabuwa da ita, sai dai ita ba ta da allurar rigakafi.

Ni da uwargida mun fito negatif, alhamdulillahi. Ƙanena shi ne ya daɗe a ɗaki.

Daga nan ne na ga inda aikin nasu yake da ƙarfi da inda yake da rauni. Ƙarfin shi ne yadda suka yi mishi magana, don yaro ne da aka sa wa ranar aure bayan kaka, ya fito jikinsa na rawa yana cewa shi ke nan ya bi Yaya. Madam ta sa aka kira ni da izininsa, ta ce ƙanena kwantar da hankalinka, wannan gwajin ya nuna ƙwayar na jikinka ne kawai, bai ce hantarka ta lalace ba, Yayanku an gano tashi a ƙarshe kai an gano taka da sauran lokaci, kuma ba ta hana aure, a gwada yarinyar in ba ta da ita a yi mata rigakafi, in Allah Ya kawo haihuwa a yi wa jariri allura a ranar da aka haife shi. Wallahi maganar nan ita ta tsayar da shi da ƙafafunsa.

Raunin kuma, bayan wannan magana mai daɗi abin da ke hannunka takarda ce. An rubuta analiz uku, a auna yawan ƙwayar a cikin jini, a auna lahiyar hanta, a yi eko wato hoton ciki, kuma ko ɗaya ba a yi a nan, babu kuma wanda ya gaya mana kuɗin da za mu tanada ko ƙofar da za mu fara bugawa. Mu muka yi ta yawo a kan kabu-kabu muna tambaya. Na auna yawan ƙwayar shi ne mai tsadar, sai da na haɗa da kuɗin ɗinkin da na yi na wata guda, a wani labo na kuɗi muka yi kuma muka jira makonni kafin rezilta ta fito. Mu muna cikin gari kuma muna da sana'a, ina tunanin wanda ya taso daga ƙauyukan Mirya ko Magarya ya ji ana gwaji kyauta ya zo, aka ce mishi pozitif aka miƙa mishi takardar da ba zai iya biya ba, ya koma gida da tsoro kawai, ba mamaki ya ƙare wajen mai lasifika. Wannan abin yana damuna har yanzu. Ko da ba za su iya biya wa mutane ba, ya kamata a ce akwai mutum ɗaya da aikinsa shi ne ya zauna da kai ya ce je wuri kaza ranar kaza, kuɗin kaza ne, fara da wannan in ba ka da halin yin duka, ya kuma neme ka bayan sati biyu ya ji ko ka je.

Likitan da ya ga rezilta daga baya ya yi mana bayanin da ban taɓa ji ba, wai ba duk mai B ke shan magani ba, wasu bibiya kawai ake yi musu ana auna su lokaci lokaci, wasu kuma ake ɗora su a kan magani. Ƙanena an ɗora shi a kan tenofovir, ƙwaya ɗaya kullum. Ba ta kashe cutar gaba ɗaya amma tana danne ta ta hana ta cin hanta, kuma ya ja mishi kunne sosai kar ya kuskura ya daina don ya ji sauƙi, in an yanke ta kai tsaye ciwon na iya tasowa da ƙarfi. Ya hana shi jiƙe-jiƙe, da shan ƙwayoyin teburi barkatai, da giya da tramol duk da shi ba ya taɓa su, sannan ya ambaci abin da ya ba ni mamaki, gyaɗa da masara da suka yi funfuna, ya ce akwai wata guba a cikinsu, aflatoksin, wadda in ta haɗu da B tana ƙara haɗarin kansar hanta. Mu da gyaɗa da ƙuli-ƙuli ba sa yankewa a gidajenmu, yanzu uwargida sai ta tsince duk wadda ta yi baƙi ko ɗaci ta zubar.

Sai maganar allura, wadda ita ce ta sa na yi ta komawa. Yara ana yi musu kyauta cikin allurar nan Penta a sati 6, 10 da 14, kuma a Nijar tun 2008 aka sa rigakafin B a ciki, ma'ana duk mu da aka haifa kafin nan yawancinmu ba mu da kariya. Ta manya kam saya ake yi, guda uku, ta farko, bayan wata ɗaya, sai bayan wata shida daga ta farkon, a dantse. Kuɗin kowace ɗaya ya kai cefanen gidana na kwana biyu, ba zan ce da arha ba, amma wanda ya ga abin da muka kashe a jinyar Yaya ba zai tsaya ciniki ba. Na tambayi Madam ya suke da allurar in an ɗauke wuta, ba ta ji haushi ba ta kai ni ta nuna mini firigo mai aiki da hasken rana da takardar da suke rubuta sanyinsa safe da yamma, ta ce tsakanin digiri 2 da 8 ake so kuma ba a barinta ta yi ƙanƙara don lalacewa take.

Ta biyu ce ta ba ni wahala, na rufe shago na je ranar randebu aka ce ta ƙare, na koma bayan kwana huɗu ba ta zo ba, sai a zuwa na uku na samu. Raina ya ɓaci gaskiya, har na ɗauka sai an sake daga farko, suka ce a'a in an makara ci gaba ake yi daga inda aka tsaya.

Tsakanin nan uwargida ta sauka, mace, kuma don an riga an faɗa mana muka yi magana da ungozoma tun kafin naƙuda, aka yi wa jaririya allurar B kafin ta cika awa 24. Ranar suna wanzamin gidanmu ya zo, dattijo ne da ya gaji aikin daga ubansa, ya buɗe zabirarsa ya zaro aska yana gogawa a fata. Na durƙusa na miƙa mishi sabuwar reza a cikin takardarta na ce Baba don Allah da wannan za a yi. Ya dube ni ya ce ɗana askar nan ita ta aske ka ita ta aske yayanka. Na ce na sani Baba, shi ya sa. Ya yi shiru ɗan lokaci, sannan ya mai da askar cikin zabira ya ɓare rezar da hannunsa ya yi bisimilla. Maganar cire belu kuma na ce a bari. Mutanen nan ba abokan gaba ba ne, babu wanda ya taɓa zaunar da su ya yi musu bayani ne kawai, shi ya sa nake roƙon masu wannan aiki in za su sake su kira wanzamai da masu yankan farce da ungozomomin gida su yi musu zama nasu na daban.

Allura ta uku kuwa na manta da ita sam, ga sanyi ga ɗinkin biki ya taru. Ina kan keke salula ta yi ƙara, baƙuwar lamba, ashe Madam ce, ta ce Malam ina kwana ya mai jego, ranar allurarka ta wuce da kwana uku kuma akwai ta a firigo, ka zo gobe. Daga baya na ji da kuɗin kiranta take yi. Da na je ta buɗe babban littafinsu tana neman sunana, na ga shafin da idona, layin allura ta farko cike da sa hannu daga sama har ƙasa, na ta biyu da giɓi giɓi, na ta uku kuwa kusan fari fat. Ta ce wasu lambarsu ba ta shiga, wasu sun tahi cirani, wasu sun ce kuɗi, ita dai tana ta kira. Duk haushin yawon da na sha a ta biyu nan ya tahi.

Saboda haka wanda ya tambaye ni ko ya je, ni kam cewa zan yi ya je, ya je da iyalinsa, ya je da safe kafin kaya su ƙare, ya bar lambar da ke shiga, kuma ya sa a ransa cewa in an samu wani abu akwai kashe kuɗi da yawo a gaba wanda su ba za su ɗauke mishi ba. An yi auren ƙanena, amarya ta yi allura biyu saura ɗaya. Yaran Yaya su huɗu da mahaifiyarsu na kai su an gwada. Inna ce kawai ta rage, ta ce ita ba za ta zauna a rumfa unguwa na kallonta ba, na faɗa wa majo ya ce in kawo ta ranar Talata da sassafe kafin masu awon ciki su taru, shi da kansa zai yi mata a ofishinsa. Na riga na yi magana da mai adaidaita zai zo ƙofar gida bayan sallar asuba.